Takalman Lawali

Ina bakin filin ƙwallo bayan la'asar, ina zuba toka a kan layi, maƙwabcin Baba Sani ya zo a kan keke ya ce mini Allah ya yi wa tsohon rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban yi mamaki ba, kuma rashin mamakin nan shi ya fi ba ni tsoro.

Baba Sani ne ya kafa ekip ɗinmu, wato ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, a Birni, tun Faransawa na ganin wasan nasu ne su kaɗai. Ni golansa ne, har gwiwa ta gaza na koma taya shi aiki. A fili mafaɗaci ne, ya zage ka tas, da yamma kuma ya aiko maka da fura. Biron ekip, wato ofishinmu, ɗaki guda ne, amma ba ya yar da komai: fasassun ƙwallaye, yagaggun riguna, takalma tuli har bakin taga. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Habu, abin da ya sha guminka ba shara ba ne."

Takalma biyu kawai ba sa cikin tulin. Suna kan kanta su kaɗai, na ɗansa Lawali ne, wanda aka ɗauka soja aka kai yaƙin Aljeriya, labarinsa ya yanke. Waɗanda suka dawo ba wanda ya ce ya ga gawarsa. A garinmu kayan mamaci sadaka ake yi da su, liman ma ya yi masa maganar, ya ce, "Ba a sadaka da takalmin mai rai." Kowace Juma'a yana shafa musu kitse. Matar Baba, Iya Gambo, uwar Lawali, ta bi bayansa, ta ƙi karɓar gaisuwar kowa.

A daminar nan da muka samu 'yancin kai, mako guda kafin rasuwarsa, ya kira ni da hantsi ya ce mu share biro. Takalman duka a kai wa samarin ƙauyukan Dogo da Gaffati da ke buga ƙwallo ƙafa tsirara. Na ce lallai yau rana ta fito daga yamma. Bai yi dariya ba.

Muna cikin cika buhu na duba kanta, wayam. Takalman Lawali na ƙasa, sun fuskanci ƙofa, igiyoyinsu a kwance, da ɗanyen rairayi a ƙarƙashinsu. Mabuɗin ɗakin guda ne, a wuyan Baba yake kwana. Na juya wajen Baba.

"Baba, wa ya taɓa su?"

"Mai su," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Ya zo ya gwada, sun yi masa kaɗan. Sa su a buhu."

Na ɗauka na sa. Sai ya tuɓe nasa na ƙafarsa ya ɗora a kai. Na ce, "Baba, da me za ka tafi?" Ya ce, "Ba nisa." Ina tsaye ina kallonsa ya bi taɓo ƙafa tsirara har ya sha kwana. Abin da ya gani, Allah ne masani, ni dai abin da idona ya gani na faɗa.

Ranar sadakar uku Iya Gambo ta sa aka kira ni bakin zaure.

"Habu, ina takalman yaron nan?"

"Suna Gaffati, Iya. Baba da kansa ya bayar."

Ta gyara mayafinta. Can ta ce, "To, ka gaya wa liman addu'ar ta mutum biyu ce."

Allah ya jiƙan Baba Sani, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya jiƙan Lawali a duk ƙasar da ta rufe shi. Iya Gambo kuma, da ta yi rashin miji da ɗa a zama ɗaya, Allah ya ba ta haƙurin ɗauka. Amin.