Anti Laftof da Furosesar da Ba Ta Fita

A layin masu gyara, shagon da ke ƙarƙashin matakala na Malam ne tun zamanin rediyo. Daga rediyo ya koma talabijin, daga nan ya kama kwamfuta. Da idonsa ya fara hazo har ƙananan kusoshi suka daina ganuwa, sai matarsa ta ajiye keken ɗinkinta ta zo ta zauna a kujerarsa. Maƙwabta sun ɗauka kwana biyu za ta yi ta gudu. Ba ta gudu ba. Hannun da ya saba zura zare a allura bai sha wuyar sukundireba ba, kuma ga Malam a gefe yana faɗa mata abin da za ta taɓa. Ba a jima ba layin ya raɗa mata Anti Laftof. Shi kuwa Malam, in zai tsokane ta, Injiniya yake ce mata.

Aikin a rabe yake. Shi zai kara kunne a jikin na'ura ya ce fankar nan ta cika da ƙura, ko faifan ajiyar nan ya kusa mutuwa. Ita za ta buɗe, ta jera kusoshin a murfin kwalba, ta duba. Yawanci maganarsa ce ke fitowa, ba ya kuwa bari a manta.

Wata safiya wani mai zanen gidaje ya shigo da laftof a hamata da ƙaramin kwali a hannu. Ya ce na'urar ta yi nauyi, in ya buɗe zanen bene har ya sha ruwa ya dawo ba ta gama buɗewa ba. Ƙaninsa ya aiko masa da sabuwar furosesa da sabon memori, na yayi, yana so a saka masa yau.

"Wannan ai ba aiki ba ne," in ji Malam, yana gyara zama. "Injiniya, kwance kuson da ke riƙe ta, ki ɗaga tsohuwar, ki dasa sabuwa."

Anti ta kife laftof ɗin a kan tawul, ta cire marfin baya, ta ɗaga fanka da bututun tagullar da ke janye zafi. Ta jawo fitila ta duba da kyau.

"Malam, babu kuson da za a kwance."

"Ki duba dai."

"Na duba. A manne take da allon ciki, da dalma aka liƙa ta tun daga masana'anta."

"Haba, furosesa nawa na cire da hannun nan?"

Ba ta yi gardama ba. Ta kama yatsansa ta ɗora a gefen furosesar, ta zagaya da shi a hankali. Ya shafa, ya sake shafawa. Babu gurbi, babu makulli, shafe take da allon kamar an haife su tare. Sannan ya janye hannu.

"To, an canja duniya ban sani ba," ya ce. "Ci gaba, Injiniya."

Ta juya ga mai zanen, ta yi masa bayani ba kwana-kwana. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, ta wannan laftof ɗin kuma ba ta fita sai dai a canja allon gaba ɗaya. Wadda aka aiko ma ta kwamfutar tebur ce, ko da akwai gurbi ba za ta zauna ba. Sai ta ciro tsohon memorin, ɗan siririn allon da ke riƙe wa na'ura aikin da take cikin yi, ta haɗa shi da sabon, baki da baki. Kowanne yana da ɗan giɓi a tsakanin haƙoransa, amma giɓin bai zo wuri ɗaya ba.

"Ka gani? Da gangan aka yi haka don kada a saka wanda ba na gidan ba. Sabon ya fi gudu, gaskiya ne, amma furosesarka ba ta jin yarensa."

"In aka ɗan danna fa?"

"In aka danna, gurbin zai karye, ka tashi ba sabo ba tsoho."

Mai zanen ya dafe kai. "Ke nan na yi asara, Anti?"

"Wa ya ce? Ajiye su, ranar da ka haɗa ta tebur za su yi maka rana. Yanzu bari mu ga abin da wannan za ta iya ɗauka."

Akwai gurbin memori na biyu a ciki, ba komai a cikinsa. Ta leƙa shagon gaba ta samo irin wanda ya dace, ta sa shi a karkace, ta danna har ya ce ƙas. Ta cire tsohon faifan ajiya mai juyawa ta sa wanda ba ya juyawa, mai sauri, ta kwashe masa zanensa duka a kai. Malam ya ce kada ta rufe sai ta share fanka ta shafa sabon man sanyi a kan furosesar, domin tun da mutumin ya kunna ta ya nuna musu ya ji na'urar tana haki. Ta yi yadda ya ce.

Da aka kunna, zanen benen ya buɗe kafin mai shi ya gama gyara kujera. Ya juya ginin hagu, ya juya dama, yana dariya shi kaɗai.

"Za ta kai ka," ta ce masa, "amma ranar da ka fara zana manyan gine-gine masu hawa da yawa, ka nemi sabuwa. Kada ka ce ban faɗa maka ba."

Bayan nan abokan aikinsa suka riƙa zuwa, kuma kafin su sayi komai sai sun fara kawo mata ta buɗe ta gani. Malam kuwa ya sa ta tara masa matattun alluna a kwali, na da da na yanzu. In babu aiki sai ya ɗauko ɗaya, ya bi shi da yatsa yana tambayar sunan kowane abu, tana amsa masa ba tare da ta ɗago daga abin da take gyarawa ba.