Dawar da Kofur Ya Hana a Girbe

Ranar Talata ce, ana tsakiyar girbin dawa. Na dama kunu tun da sassafe, na zuba a jarka. Surukata Rifkatu ta ce sai ta bi ni gona, alhali cikinta ya tsufa, ko sunkuyawa ba ta iya yi. Mijinta yana Kaduna wurin aiki. Na yi faɗa har na gaji, ta ɗauki ƙwarya ta shige gaba.

A shekarar nan ba mai zuwa gona a ƙauyenmu sai da rakiyar soja, saboda 'yan bindiga. Mu masu gonaki a bakin rafi, Kofur Haladu aka ba mu da abokansa biyu. Dogo ne, mai wushirya. Ɗan manoma ne, da ka ga yadda yake murza zangarniya a tafin hannu ka sani. Ya daɗe a bakin daga kafin a kawo shi nan, amma bai taɓa ba mu labarin can ba, sai hirar iri da taki. Ni Kirista ce, amma kullum da ruwan alwalarsa nake fita.

Abu ɗaya ne ke haɗa mu faɗa. Gonata tana da wani yanki da ya gangara har rafi, dawar wurin ta fi mutum tsawo. Ita ta fara nuna, tsuntsaye suka sa ta gaba. Duk sanda na ce a kwantar da ita, sai ya ce, "Inna, a bar wannan sai ƙarshe." Na ce masa shi gwamnati ke ciyar da shi, ni kuwa ga shi ya mai da ni mai ciyar da tsuntsu. Dariya kawai ya yi. Ko a safiyar nan sai da na ja masa rai kafin na ba shi kunu.

Da hantsi muka ji ƙarar babura daga yamma. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Sai harbi.

Mutane suka nufi hanyar gari. Kofur ya sha gabansu.

"Cikin dawa! Kada wanda ya bi hanya! Ku gangara rafi!"

Na ja hannun Rifkatu. Ba ta iya gudu, sai rarrafe. Kara ya rufe mu. Sau ɗaya na waiwaya. Yana durƙushe bayan tarin kara, hularsa ta faɗi, yana yi wa abokansa nuni da hannu su ja baya tare da mu.

Muka kwanta. Harbin 'yan bindigar ba ƙaƙƙautawa, kamar gugguru a tukunya. Na Kofur ɗai-ɗai ne, ba gaggawa. Da shi na riƙa sanin yana nan. Rifkatu ta cusa bakin zaninta a baki. Na taɓa ƙafarta na ji ta jiƙe, na san faya ta fashe. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Wani babur ya biyo gefen gonar a hankali, har warin hayaƙinsa muka ji. Bai gan mu ba.

Rana na tsaka muka tsallake rafin, ruwa iya gwiwa. Muna haye wancan gaɓar na lura na daina jin ɗai-ɗai ɗin. Ban gaya wa Rifkatu ba.

Muka yi ta tafiya cikin gonakin mutane, tana tsayawa tana riƙe ƙugu. Bayan azahar muka fito hanyar Dandume. Wani mai babur ya sauke buhunsa a ƙasa ya ɗauke mu zuwa asibiti. Ana kiran magariba ta haifi 'ya mace.

Duk wanda ya shiga dawar nan ya fita da ransa. An sami Kofur a bayan tarin karan nan. Mota ta zo ta ɗauke shi. Ba mu je jana'izarsa ba, ko sunan garinsu ba mu sani ba.

Sai bayan makonni muka koma muka girbe yankin. Tsuntsaye sun cinye yawancinsa, dami uku ya tashi. A wurinmu duk wanda ya taya ka girbi yana da dami. Nasa yana cikin rumbu, har yau ban sussuka shi ba.