Sunan 'Yar Fari a Gaban Alƙali

Abubuwa da yawa na aikin nan sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da safiyar da muka shiga kotun iyali da maganar Zainabu ba. Ku sababbin shiga nake ba labarin, don na ga yadda kuke ji da takardar shaidar horo kan haƙƙin yara. Ni ma ina da irinta, tana rataye a bango tana shan ƙura.

Lokacin ina ma'aikaciyar iyali a wata ƙungiya a unguwar Bronx, a Amurka, wadda hukuma ke damƙa wa yaran da aka ɗauke daga gida na ɗan lokaci. Ƙa'idar ita ce, kafin a mayar da yaro, uwa ko uba za su riƙa zuwa ofis su gan shi, ma'aikaci na zaune a gefe yana rubuta abin da ya gani. Rahoton ya je wurin sufabaiza, daga nan sai gaban alƙali.

Uwar Zainabu, Mariyama, 'yar Maraɗi ce, tana sayar da turare da gyale a wani ɗan shago a yankin Morris Heights na nan Bronx. Mijinta ya rasu. Wata rana ta yanke jiki ta faɗi a shago, aka yi mata aiki, ta daɗe a asibiti. Ba dangi a kusa, sai aka kai 'ya'yanta gidan riƙo: Zainabu mai shekara tara da ƙaninta Abdu. Ba zargin duka, ba na yunwa. Da ta warke, duk mun ɗauka magana ta ƙare.

Abokiyar aikina, wata Baturiya mai kirki da himma, ita ta zauna a ziyarorin. Ta rubuta gaskiyar abin da idonta ya gani: uwa tana ɗaukar Abdu, tana yi masa wasa, tana kiran sunansa, amma babbar ko kallon kirki ba ta yi mata, kuma ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "ke". Shawarar da ta biyo baya ita ce a mayar da Abdu, a riƙe Zainabu har masana su auna shaƙuwar da ke tsakaninta da uwar. Wato don a kare yarinya daga uwar da ba ta kiran sunanta, za a raba ta da uwar da ƙanin gaba ɗaya.

Na shiga wurin sufabaiza raina a ɓace. Na ce, "Madam, wannan 'yar fari ce. A wajenmu uwa na jin kunyar ɗan fari. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayana ba, kuma in yana zazzaɓi ba ta iya cin abinci."

Ta ce, "Abin sha'awa! Sai ki yi mana lacca a kai a makon al'adu." Sannan ta gyara tabarau ta ce, "To, ita yarinyar me ta ce?"

Tambayar ta yi daidai. An taɓa tambayar Zainabu, amma a kan tebur, da hoton fuskoki masu dariya da masu kuka, aka ce ta nuna tata. Ta nuna mai dariya aka sallame ta. Ni ba na tambayar yaro ido cikin ido. Na je gidan riƙon na tarar kanta ya tsufa, matar gidan ba ta iya kitso ba, sai na zaunar da ita a gabana na kama tsifa. Yaron da ya ba ka baya ya fi sakin baki.

Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, kamar yadda 'ya'yanmu na nan suka saba. Na soma yi mata bayanin kunyar ɗan fari, ta katse ni. Ta ce, "Anti, na sani. Wa kike jin yake ɓoye mini nama a ƙarƙashin shinkafa don kada Abdu ya gani? Ni dai gida nake so." Sai da muka kusa gama kitson ta ƙara da cewa, "Amma ko sau ɗaya ne, ina so in ji yadda sunana yake a bakinta."

Na kai wa Mariyama saƙon a shago. Ta riƙe baki. "Haba Hajiya, mi kike faɗi haka? Ɗiyar fari ce, kuma sunan uwar mijina gare ta. In kama sunan surukata da bakina? Ko ranar da na kai ta lakwal, makarantar boko, takardarta na miƙa wa malamar." Na ce mata abin na iya jawo a riƙe yarinyar. Ta ci gaba da ninke gyale.

Kafin zaman kotu muka yi taro, mu ƙwararru, muka yanke cewa Zainabu ta jira a ɗakin yara da ke ƙasa, domin kotu na da nauyi a zuciyar yaro. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Ita dai ba a tambaye ta ba.

Alƙaliyar ta karanta rahoto, ta saurari bayanina, sannan ta yi wa uwar tambayar da ake yi wa kowa: ta faɗi sunayen 'ya'yan da take neman a mayar mata. Mariyama ta ce, "Abdu." Ta tsaya a nan. Tafintan kotun, wani dattijo ɗan zangon Kumasi, ya sunkuya ya yi abin da aikinsa bai yarda da shi ba, ya ce, "Hajiya, faɗi mana. Ba mai kai labari Maraɗi." Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Zainabu." Mai rubuta bayanan kotu bai ji ba, aka ce ta maimaita da ƙarfi. Ta maimaita. Alƙaliya ta ba da umarni a mayar da yaran duka biyu.

Na sauka ƙasa da murnata, na tarar da Zainabu tana shafa wa hoton kifi launi. Na ce, "Za ki gida. Kuma ta faɗi sunanki, har da maimaici."

Ta ajiye fensirin. "Wa ya ji?"

Na ce alƙaliya, da lauyoyi, da tafinta, da mai gadi.

Ta ɗago kai ta dube ni. Sannan ta ce, a karon farko da Hausa, "Anti, ya ta faɗa? Yi mini irin muryarta."

Na buɗe baki na kasa. Wallahi tun da na soma aikin nan ban ji kunya irin ta lokacin ba. A bakin ƙofa Mariyama ta ce mata, "Ke, ɗauki jakar ƙaninki," ta kama hannunta gam suka fita.

Abin da na koya ke nan game da mu masu wannan aiki: mun fi kowa iya sanin abin da zai amfani yaro, musamman in ba ya ɗakin. Tun daga ranar, duk taron da na ji an ce "don amfaninta ne", sai in ɗaga hannu in tambayi wanda ya ji ta bakinta.