Tabarau na Mai Koɗa Dutse

Da ido ɗaya na san maigidana. Na hagun tun yana saurayi tsakuwa ta taɓa shi, hakiya ta rufe shi fari fat. Na daman kuwa Allah ya ba shi kaifi. Da shi ya yi noma, da shi ya ga fuskokin 'ya'yanmu, da shi yake gane tafiyata tun daga nesa in na taso daga rijiya.

Koɗa ce sana'ar gidansu a Durun. Dutsen niƙa in ya daɗe yana cin hatsi sai ya yi santsi, ya daina kama ƙwaya. Sai a kira mai koɗa ya bi fuskar dutsen da 'yar guduma mai tsini, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ta yi kaushi. Da injin niƙa ya shigo ƙauye sana'ar ta kwanta, mata suka kife duwatsunsu suna zama a kai suna alwala.

Ana nan, ana nan, sai ga zamanin tsuke bakin aljihu. Man inji ya yi tsada, abin da ya lalace ba a samun na canji, mai inji ya rufe rumfarsa da kwaɗo. Mata suka birkito duwatsunsu, suka koma durƙuso. Malam ya ciro gudumar ubansa daga rufin ɗaki, ya ɗaure ta a bayan keke. Yau Masanawa, gobe Kara. Taki ya gagari talaka, gona ba ta kai mu damina, gudumar nan ce take cike mana abin da rumbu ya kasa. Haka muka yi ta tafiya, shekara na bin shekara, har shekarar da aka kira Shari'a a Kano.

A shekarar ne ɓarɓashin dutse ya faɗa masa a idon dama. Ya yi ja, ya yi ta zubar ruwa. A asibitin Gwarzo wata ma'aikaciya ta cire masa, ta ce, "Baba, wannan kaɗai ya rage maka. Ko ka bar dutse, ko ka rufe shi da tabarau."

Barin dutse barin tuwo ne. Saboda haka ranar kasuwar Gwarzo muka tafi, ni da ƙwaryar daddawata, shi da ƙanensa, wanda tun ina amarya muke wasa da shi, bakinsa ba ya hutawa.

Mai tabarau ya jera kayansa a kan allo a gindin darbejiya. Malam ya fara da baƙi, ya ɗauki wani dutse a ƙasa ya duba, ya ce, "Wannan ai magariba ce. Ba na ganin ramukan." Aka ajiye baƙi. Aka kawo na karatu, ƙasa ta taso masa har ya dafa kafaɗar ƙanensa. Aka ajiye shi. Saura biyu, duka farare. Ɗaya na roba ne mai kauri, mai rufe gefe da gefe, ana ɗaure shi da igiya ta ƙeya. Ɗayan na gilashi ne siriri, mai ƙarfe ruwan zinariya.

Ya sa na robar. Ƙanensa ya dafe ciki.

"Yaya, kwaɗo! Wallahi kwaɗon fadama! Matar Yaya, zo ki ga abin da za ki kwana da shi."

Na ce, "Kwaɗon dai ya fi ka, shi yana da sana'a."

Malam bai yi dariya ba. Rana ta take, gumi ya taru a cikin robar, ta yi hazo. Ya cire ya goge, ya mayar, ta sake yin hazo. Ya ce, "Mai ido biyu ne yake iya haƙuri da hazo. Ni in wannan ya dushe, guduma a yatsana za ta sauka."

Mai tabarau ya ce, "Gaskiya, Baba, roba tana gumi, kuma ƙura tana karce ta. Amma ba ta fashewa. Ita masu walda suke saye. Wancan kuwa na ado ne da tare iska."

A wajenmu a lokacin, duk abin da aka ce roba ne, jabu ne. Kwanon roba na marar kwano ne, takalmin roba na marar takalmi ne. Kuma akwai yadda maza suke gane tabarau na gaske: a ƙwanƙwasa shi a haƙori. Ƙanensa ya ɗauki na robar ya buga a haƙorinsa na gaba, ya yi tuf, kamar busasshiyar ƙwarya. Ya ɗauki na gilashin ya buga, ya yi ƙyal.

"Ka ji magana, Yaya. Ido ɗaya gare ka, sai ka ba shi jabu?"

Malam ya karɓa ya sa. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya dubi saman darbejiya, ya dube ni, ya ce, "Ke, ashe furfura ta cinye miki gira." Na gilashin ya saya.

Ba zan ɓoye ba, ya ji daɗinsa. Ƙurar dutse ta daina sa shi hawaye, iskar keke ta daina yi masa yaji. In ya dawo sai ya miƙo mini in goge da bakin mayafina, ya naɗe shi a tsumma ya sa cikin hula. Damina ta wuce lafiya, aka yi girbi.

Rannan da hantsi wata maƙwabciya ta sa aka mirgino dutsenta cikin gidanmu, za ta aurar da ɗa, tana son gari mai laushi. Baƙin dutse ne mai taurin kai. Ina gefe ina sheƙa gero, ina jin ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sai na ji wata ƙara siririya wadda ba ta dutse ba. Sai shiru.

Malam ya ce, "Ke, zo. Kada ki yi ihu."

Tabarau yana nan a fuskarsa, ƙarfen bai ko karkace ba. Gilashin hagu, na kan mataccen idon, lafiyarsa ƙalau. Na daman ne babu, sai 'yan haƙora a gefe-gefe. Ruwa da jini suna bin gemunsa. Tsinin gudumar ne ya ɓalle ya tashi.

Mata suka cika gidan, wata ta ce a ɗiga nonon mai jego, wata ta ce kwalli. Ya ce kada wanda ya taɓa. Babu mai a ƙasa a kwanakin nan, mota sai an yi sa'a. A keke ƙanensa ya tura shi har Kabo, ina biye da su a ƙafa, na riƙe masa tsumma a fuska. Daga Kabo sai washegari muka sami motar Kano.

Likita ya yi abin da zai iya. Da ya fito ya nuna mana abin da ya tsinto a cikin ɗan faranti: ƙarfe guda kamar ƙwayar gero, sauran duk gilashi. Ya ce gilashin ne ya yanka ƙwayar idon, ba zai sake gani ba. Ƙanensa ya zauna a ƙasa a gaban mutane ya rufe fuska da babbar riga.

Da muka dawo gida kukan ƙanen nasa ya koma fushi. Ya ce ai yanzu Shari'a ta zo, sai ya kai mai tabarau gaban alƙali. Ya jawo limamin unguwarmu har zaure, ina jin su daga bayan ƙofa. Liman ya ce a littafi ido ɗaya rabin diyya ne, amma idon mai ido ɗaya diyyar rai ce cikakkiya, don duk ganinsa a nan ya taru.

"To ka ji, Yaya!"

Liman ya ce, "Saura ka faɗa mini wanda zai biya. Mai tabarau ya ɓoye muku aibi?"

Malam ya ce, "Bai ɓoye ba. Biyu ya nuna mini, ya faɗi halin kowanne. Ni na miƙa hannu."

"Ni na zuga ka, Yaya."

"Kai ka yi surutu, aikinka ke nan tun kana goye. Tashi ka raka Liman."

Maganar alƙali a nan ta mutu.

Kwanci tashi ciwo ya warke, rumbu ya yi ƙasa. Wata safiya ya ce in kawo masa gudumar, a kai wa maƙeri ya fitar mata da sabon tsini. Na ce, "Malam, da me za ka gani?" Ya ce in dai kawo. Dutsen maƙwabciyar yana nan inda aka bar shi, ba wanda ya yarda ya taɓa. Na kama hannunsa na ɗora a kai. Ya shafa da tafi, ya lalubi inda ya yi santsi, ya saukar da guduma. Ya sake shafawa, ya sake saukarwa. Ya fasa yatsu kafin hannun ya koya, amma ya koya. Yawo ya ƙare, sai dai a ɗoro duwatsun a amalanke a kawo mana gida.

Haka muka ci tuwo har Allah ya karɓi abinsa. Ina zaune a gefensa ina juya masa dutse, ina share garin da tsintsiya. In tsakuwa ta tashi, ni nake kawar da fuska. Shi ba ya kawarwa.