Ƙusar Libarba da Shayi Uku

Shekara ashirin Malam Rabiou ya yi yana gyaran keken ɗinki a Damagaram kafin ya sami aikin goge bindigogi a wani kulob ɗin harbi kusa da Jebel Ali, a bakin teku a ƙasar Larabawa. A satinsa na gwaji, maigidansa Nasir, wani Balarabe, ya kawo tsohuwar ƙaramar bindiga libarba, irin wadda ake ɗanawa da babban yatsa kafin kowane harbi. Ƙusar da ke riƙe gidan harsashi ta cije, iskar teku ta sa mata tsatsa.

"Yalla, maza, ga guduma," in ji Nasir. "In ba ta fita yau ba, khalas, shi ke nan, sai Damagaram."

Rabiou ya tabbatar babu harsashi, ya ture gudumar gefe. Ya zaro man keken da ba ya rabo da shi, ya ɗiga wa ƙusar, ya ɗora butar shayi a wuta.

"Shayi kuma?"

"Maigida, ƙarfe ma lallashi yake so."

Bayan kofi na uku ya ƙwanƙwasa da guntun katako, ƙusa ta fito salin-alin.

Nasir ya yi dariya. "Gobe ka zo da wuri. Kar ka manta butar."