Kawu Sale da karyar da ya bari a saman bene

Shekara biyu ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, kuma har yau idan na taka matakalar saman benenmu a unguwar Bagdadiyya ta Jidda sai in tsaya a rabin hanya kafin in iya ƙarasawa. Ni ce na same shi a can ranar da ya rasu. Mutane sun ce abin zai wuce. Bai wuce ba.

Direba ne a wani sito a unguwar Khumra. A can ya gano cewa bayan sitocin akwai masu tara ƙananan karnukan nan masu gashi a keji, suna sa su haihuwa ana sayar wa masu hali 'yan kwikwiyon. Idan uwar ta tsufa ta daina haihuwa, sai a zubar da ita a bola da ranta. Su yake kwasowa a kwali ya kawo saman benenmu. Maƙwabta suka sa masa Abu Kilab, wato uban karnuka. Ummata kan tare shi a ƙofa: "Sale, wallahi ka fita hayyacinka. Wa zai ba ka 'yarsa kana warin kare?" Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, halas, an gama, wannan ce ta ƙarshe." Ba a taɓa yin ta ƙarshe ba.

Riga biyu gare shi, ta salla da ta karnuka, ba ya haɗa su ko a wanki. Dabararsa kuwa guda ce. Karyar da ta ƙare rayuwarta a keji ba ta san fili ba, ko an buɗe mata ƙofa ba ta fita, kuma kallon mutum ya fi duka firgita ta. Don haka sai ya ajiye abinci, ya zauna a ƙasa ya ba ta baya, ba magana, ba waiwaye, har ta gaji ta zo da kanta. Sai ta saba da hannu sannan ya nema mata gida, galibi wajen masu lambu a bayan gari.

Guda ɗaya ce ta gagare shi, wata fara mai haƙora ruɓaɓɓu da ya sa wa suna Miskina. Wata da watanni tana lungun tankin ruwa.

Ranar da la'asar na hau kai masa shayi. Daga bakin ƙofa na tsaya, don ni tun ina ƙarama tsoron kare nake. Yana zaune kamar kullum, kafaɗarsa jingine da bango. Ga Miskina ta fito, ta ɗora kanta a kan ƙafarsa. Murna ta kama ni, na ce a hankali, "Kawu, ta zo!" Bai amsa ba. Likita ya ce zuciya ce, kuma ya jima da tafiya. Har yanzu ina tambayar kaina ko ya ji zuwanta, ko kuwa sai da numfashinsa ya tsaya ta yarda da shi.

Ban san me zai ce da Jidda ta yau ba. 'Yan matan da muka yi makaranta tare suna ɗaukar hoto da kwikwiyo a hannu suna sawa a waya, ba wanda ke yi musu laƙabi irin nasa. Wataƙila ya ji daɗi. Ni dai na fi zaton zai tambaye su, ina uwar?

Miskina ta koma lungunta tun ranar jana'iza. Umma, wadda ta fi kowa faɗa, ita ke tura mata abinci da sandar tsintsiya. Yanzu mai gidan da muke haya zai gina ɗaki a saman, ya ce a san yadda za a yi da ita kafin magina su zo. Wata mata a unguwar Safa da ta taɓa karɓar kare a wajen Kawu ta yarda za ta ɗauke ta, amma da sharaɗi: tana da jikoki, ba za ta kai gida abin da ba ya taɓuwa ba. In ba haka ba, sai bolar Khumra, ga karyar da ba ta taɓa nemo abinci da kanta ba.

Kawu bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Rigar karnukan nan ya bari, da wannan zama. Makon jiya na ciro ta na ɗora a kan abayata. Umma ta dube ni ta ce, "Ke da ko kyanwa ke kora? Allah ya shirye ki. Yalla, maza hau kafin rana ta faɗi."

Kullum da la'asar ina zama a inda na same shi, bayana ga tanki. Jiya na ji ƙarar farce a kan siminti, sai numfashi mai ɗumi kusa da gwiwar hannuna. Ba a daɗe ba ta koma. Magina kuwa sun fara sauke bulo a ƙofar gida.

Allah ya ji ƙanka, Kawu. Ban waiwaya ba.