Saƙar Zuma a Cikin Salansa

Motar farko da na mallaka 'yar Beljiyam ce. Na saye ta a shekarun da Dutse ta zama babban birnin jiha, ma'aikata na ta neman haya a Takur, ni kuma ina jigilarsu daga Ringim. Abin da ya sa na ƙaunace ta shi ne ba ta hayaƙi. Matata tana da ciwon fuka, tagar ɗakinta kuma tana kallon lungun da nake tayar da mota da safe. Tsohuwar motar ubangidana da nake ja a da, da na murza makulli sai in jiyo tarin matata ta bango. Wannan kuwa har shanya matar tawa take yi a gefenta.

Da wahalar mai ta zo, muka koma sayen na 'yan bumburutu, wanda ake gaurayawa da kananzir. Mota ta fara nauyi. In na taka, sai ta yi gurnani ta ƙi gaba. Makanike ya yanke wani tulu da ke tsakiyar salansa, muka ga abu kamar saƙar zuma, ramukansa duk sun toshe da baƙin kunkunniya. Ya ɗauko rodi, ya ce kowa farfashe shi yake yi, mota ta samu numfashi, sai dai hayaƙi zai dawo. Na riƙe masa hannu.

Shugaban tasharmu, wani dattijo da muke kira Alhaji, ya ce fasinjoji sun gaji da rarrafena. Ko in fasa abin kamar kowa, ko in bar layin Dutse kafin kasuwa ta zagayo.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, da furfurata. Malaminmu da safe kimiyya yake koyarwa a sakandare, don haka na kai masa tulun a buhu. Ya juya shi, ya ce an shafe ramukan da wani farin ƙarfe mai daraja, in hayaƙi ya taɓa shi da zafi sai gubarsa ta ƙone, shi kuwa ƙarfen ba ya ƙarewa. Baƙin nan ne ya lulluɓe shi. Ya ce a manyan masana'antun gas ma haka yake faruwa, ƙone baƙin suke yi da iska a hankali. Amma ya gargaɗe ni: in wuta ta yi yawa zai narke, kuma bai yi mini alkawarin komai ba.

A tasha na zama abin dariya. Wani direba, abokin wasana, ya hango ni da buhun ya ce, "Ɗan makaranta, baƙaƙe za ka karanta mata ta tashi?"

Na ce, "Taka da ka fasa, ko akuya ba ta yarda ta bi bayanta."

Na hau motar haya zuwa Garki, wurin ƙanin matata, maƙeri. Shi ya saba da wutar da ke lanƙwasa ƙarfe, sai da na yi ta cewa sannu-sannu, har ya ji haushi ya miƙo mini zugazugin. Na zauna ina hurawa kamar mai lallashin jariri. Baƙin ya yi ja, ya koma toka. Gefe guda ya tsage, na ga haka na janye. Da na ɗaga shi sama, sai na hango rana ta yawancin ramukan.

Aka mayar da tulun cikin salansa, aka canza fulogi, na daina sayen man galan ko da zan wuni a layin gidan mai.

Ranar kasuwa Alhaji da kansa ya zauna a gaba. Mota ta ja, ba kamar sabuwa ba, amma ta haye tudun shiga Dutse ba ta yi gardama ba. Muna sauka ya ce har yanzu akwai sauran nauyi.

Na ce, "Akwai, Alhaji. Amma ba zan fasa shi ba."

Ya dube ni, ya gyara hularsa, ya ce in shiga layi.

Har na rabu da motar nan abokan aiki suna wuce ni a hanya suna danna mini oda. Ina ɗaga musu hannu. Da safe kuwa in na murza makulli, nakan ɗan saurara. Ba abin da nake ji ta bango sai ƙarar tsintsiyar matata.